Kujera ta Biyu: Lacca Kan Tarihin Ƙananan Jiragen Sama

An kwafo wannan rubutu daga faifan wata lacca da wani dattijo, tsohon makanikin jiragen sama da ya yi ritaya, ya gabatar a Katsina a gaban ɗaliban fasaha da wasu kanikawa da masu walda na cikin gari. An rage gaishe-gaishe da maimaici, sauran an bar shi yadda ya fito daga bakinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Malamai, iyayen gidana na gareji da nake hangowa can baya, da ku 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da yamma.

Na san abin da yawancinku kuke zato da aka ce za a yi maganar jirgin sama. Kuna jiran labarin manyan nan da ke sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa lokacin aikin Hajji, su kwashi ɗaruruwan alhazai su nufi Jidda. To ba shi na kawo ba. Na kawo labarin wanda in kun gan shi a ajiye za ku rantse abin wasan yara ne: inji ɗaya, farfela ɗaya, kujera biyu, mutum biyu ma sai su tura shi da hannu su shigar da shi rumfa. Dalilina kuwa, kyaftin ɗin da ke tuƙa wancan babban, da farar rigarsa da igiyoyi huɗu a kafaɗa, a irin wannan ƙaramin ya fara, ko a yayansa mai kujera huɗu, yana zufa, malami na gefensa yana yi masa faɗa.

Ku direbobi kun san yadda ake koyon mota a wurinmu. Yaro ya yi shekaru yana karen mota, yana wanke ta, yana sa weji, yana kallon ƙafar ubangidansa. Ran da aka ba shi sitiyari, in ya rikice sai a ce taka birki, a gangara gefen hanya, a sauke shi. A sama babu gefen hanya. Duk kuskuren da ɗalibi zai yi, dole a gyara shi ana cikin tafiya, kuma dole mai gyarawar ya kasance a cikin jirgin da nasa abin tuƙin a hannu. Wannan ita ce kujera ta biyu. Shekara sama da 100 ke nan masu ƙira suna kokawa da tambaya guda: yaya za a ɗaga wannan mutum na biyu ba tare da jirgin ya yi nauyin da zai ƙi tashi ba, ko tsadar da zai ƙi sayuwa?

Jirgin da Wilbur da Orville Wright suka tayar ranar 17 ga Disamba 1903 a Amurka mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma a kwance rub da ciki. Tashin farko daƙiƙa 12 ne. Ku riƙe lissafin injinsa don za mu dawo kansa: ƙarfin doki 12, nauyi wajen kilo 80. Wanda ya ƙera injin makanikin shagon kekensu ne, Charlie Taylor. Fasinjan farko da suka ɗauka a watan Mayu 1908, Charles Furnas, shi ma makaniki ne. Kun ga mu 'yan baƙin mai tun farko muna ciki, sunanmu ne dai ba ya shiga jarida. (Dariya.) Sojan Amurka ne suka matsa a kan kujera biyu, suka ce ba za su sayi jirgin da ba ya ɗaukar mutum biyu ba. A wajen gwajin ne, cikin Satumba 1908, farfela ta tsage, jirgin ya faɗo, Orville ya karairaye, hafsan da ke gefensa, Thomas Selfridge, ya mutu. Shi ne mutum na farko da jirgi mai inji ya kashe, kuma a kujera ta biyu yake zaune.

Kafin a gane darajar kujerar nan an yi asarar rayuka da yawa. A Faransa akwai makarantun da ke sa ɗalibi shi kaɗai cikin jirgin da aka datse wa fukafukai, ya yi ta gudu a ƙasa kamar zabuwa, daga nan a ba shi mai ɗan tsalle, daga nan a ce to bisimilla, tashi. Lokacin yaƙin duniya na farko samari sun yi ta mutuwa a filin koyo tun ba su ga abokin gaba ba. Wani hafsan Ingila, Robert Smith-Barry, shi ya gyara tsarin a 1917 a wani wuri da ake kira Gosport. Ya ɗauki jirgin Avro 504 mai abin tuƙi gaba da baya, ya ce a daina ɓoye wa ɗalibi haɗari. A hau da shi can sama, a jefa jirgin cikin juyi da gangan, a nuna masa yadda ake fita, a maimaita har hannunsa ya haddace. Ƙarar inji ba ta bari a ji magana, sai suka jona tiyo na roba daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi. Hanya ɗaya maganar ke bi, ɗalibi ba ya iya mayar da amsa, wanda na san wasu malaman da ke nan za su so a dawo da shi. (Dariya.) Har gobe tsarin koyar da tuƙi a duniya bai bar wannan turba ba.

Da yaƙi ya ƙare jiragen koyo suka yi kwantai. A Amurka aka riƙa sayar da Curtiss Jenny da araha, matasa suna bin ƙauyuka suna ɗaukar mutane yawo a kan kuɗi kaɗan. Charles Lindbergh, wanda ya ƙetare tekun Atilantika shi kaɗai a 1927, Jenny ya fara saya a 1923 a kan dala 500. Mu ma nan jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, masu kujera biyu ne. Amma waɗannan duka kayan yaƙi ne, manyan injuna masu shan mai kamar rairayi.

Gwamnatin Ingila ta so a samu jirgin da talaka-talakan mai kuɗi zai iya riƙewa. A 1924 aka yi gasa a Lympne, aka ce jirgi ya ɗauki mutum biyu, amma injinsa kada ya wuce sisi 1,100. Ku masu gyaran babur ku auna: Boxer ɗin da 'yan kabu-kabu ke hawa sisi 100 ne, to guda 11 ke nan. Injunan wancan zamani masu wannan girma ƙarfin doki 30 da 'yan kai suke bayarwa. Jiragen sun tashi, amma da ƙyar da jiɓin goshi, injuna na ta mutuwa, iska kaɗan ta hana fita. Araha dai ba ta ado.

Geoffrey de Havilland ya kalli abin ya ce an yi rowar ƙarfi. Ya je wurin wani injiniya, Frank Halford, suka ɗauko tsohon injin Renault mai silinda 8 cikin tarkacen yaƙi, suka yi amfani da rabinsa, silinda 4 a jere, suka samu ƙarfin doki 60. Irin dabarar da kuke yi ce a gareji, ku tara gawa biyu ku tayar da rai ɗaya. Jirgin da aka ɗora wa injin ya tashi ranar 22 ga Fabrairu 1925, jikinsa katako da falle-fallen itace, fukafukansa biyu sama da ƙasa an lulluɓe su da yadi, kuma ana naɗe su a ja jirgin da mota zuwa gida. Sunansa Moth, wato ƙwaron nan da ke zagaya fitila da dare, saboda mai kamfanin yana sha'awar tara irinsu. Mu da muke kiran ƙwaron faɗa-wuta, ina jin da ba mu sa wa jirgi wannan suna ba. (Dariya.) Gwamnati ta tallafa wa ƙungiyoyin koyon tuƙi suka saye shi, daga nan abin ya kankama.

'Ya'yana mata da ke gaban nan, ku saurari wannan. A watan Mayu 1930 wata budurwa, Amy Johnson, ta ɗauki Moth na hannu, ita kaɗai, ta tashi daga Ingila ta sauka a Darwin ta Ostireliya cikin kwana 19, tafiyar mil 11,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin ta tafi sai da ta samu lasin na makanikin jirgi. Duk inda ta sauka da yamma ita ke buɗe injinta. Ƙanin wannan jirgi, Tiger Moth na 1931, shi ya horar da matuƙan ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a yaƙin duniya na biyu, an ƙera sama da 8,000.

Yanzu bari in zauna a kan wanda na fi so, don shi ne wanda in na kwance muku shi a nan za ku gane kowane ɓangarensa. A 1930 wani mai ƙira, Gilbert Taylor, ya yi wani ɗan jirgi a jihar Pensilbaniya, ya sa masa inji mai ƙarfin doki 20. Jirgin ya yi gudu, ya ɗan ɗaga, ya dawo ƙasa. Kuskuren Lympne ne aka maimaita a wata nahiya. Kamfanin ya karye, wani ɗan kasuwar mai, William Piper, ya saye kayan a kan dala 761. Shi ba injiniya ba ne, tuƙin ma sai da ya kai shekara 50 ya koya, amma ya san kasuwa. Sai ga kamfanin Continental ya fito da inji mai ƙarfin doki 37, silinda 4 a kwance, biyu dama biyu hagu, iska ke sanyaya shi. Abin nema ya samu. Daga baya aka kai ƙarfin zuwa 65, kuma shi ne jirgin da duniya ta sani da Piper Cub, mai launin rawaya, wanda ake sayarwa wajen dala 1,000.

Ga yadda yake. Ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne siriri, an yi masa walda da wutar gas, sannan aka ja yadi a kai aka shafe shi da wani fenti mai sa shi ɗaurewa kamar fatar kalangu. Babu batir, babu kik, da hannu ake murza farfela. Ma'aunin mai kuwa toton kwalba ne yana yawo a cikin tanki, an soka masa waya ta leƙo waje a gaban gilashi. In wayar ta yi tsawo akwai mai, in ta nutse ka nemi wurin sauka. Na ga na'urorin auna mai na dubban daloli sun yi ƙarya, ban taɓa jin toto ya yi ƙarya ba. Gudunsa kilomita 120 a awa, wato direban Kano mai zafin ƙafa zai iya ba shi kunya. Amma yana iya rage gudu zuwa wajen kilomita 60 bai faɗo ba, ya sauka a filin da bai fi na ƙwallo biyu ba.

Nauyinsa ba kowa ciki kilo 345, iyakar abin da aka yarda ya tashi da shi kilo 550. Abin da ya rage ke nan bai fi buhu biyu na masara ba. Cire lita 45 na mai, wajen kilo 32. Saura kilo 170 da ɗoriya, a nan malami zai shiga, ɗalibi ya shiga, har da takalmansu. Kuma ba yawan nauyin kaɗai ba ne, har da inda aka ajiye shi. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san in gefe ɗaya ya rinjaya tafiya ta ɓaci. A jirgi rinjayen gaba da baya ne. Shi ya sa a Cub, in mutum shi kaɗai ne, a kujerar baya yake zama, don inji da tanki suna gaba. Kujerun nasa ɗaya bayan ɗaya suke kamar goyon babur, jiki ya yi siriri ya ratsa iska. Wasu masu ƙira sun fi son kafaɗa da kafaɗa kamar gaban mota, don malami ya ga fuskar ɗalibi, ya ga hannunsa, ya gane tsoro ya kama shi tun bai faɗa ba. A wajen koyarwa wannan na biyun ne ya yi rinjaye, ni ma shi nake goyon baya.

Da yaƙi na biyu ya matso, Amurka ta buɗe shirin horar da farar hula tuƙi, mutum sama da 400,000 suka bi ta ciki, kashi uku cikin huɗu a Cub suka koya. Soja ma suka shafa masa koren fenti suna leƙen inda harsashin igwa ke faɗawa. Zuwa 1947 an ƙera kusan 20,000.

Bayan yaƙi kamfanoni suka yi zaton kowane soja da ya dawo zai sayi jirgi. A 1946 kaɗai aka ƙera ƙananan jirage sama da 30,000 a Amurka. Akwai wani mai suna Ercoupe da aka cire wa fedar ƙafa don ya yi kama da mota, har a manyan kantuna ake baje shi kusa da kayan ɗaki. Shekara biyu ba a yi ba kasuwar ta rushe. Sojan da ya dawo aure yake so da gida.

Wanda ya gaji Cub a makarantu shi ne Cessna 150, da aka fara sayarwa a 1958. Jikinsa duka alminiyam, yana kwana a rana da ruwa ba ya damuwa. Babban canjin shi ne taya. Tsofaffin jirage ƙaramar tayarsu a wutsiya take, nauyi yana bayan manyan tayoyi, don haka in aka taɓa ƙasa a ɗan karkace sai wutsiya ta nemi wuce hanci, jirgi ya yi hajijiya a fili. Da aka mayar da tayar ƙarƙashin hanci sai jirgin ya riƙa miƙe kansa. An ƙera kusan 24,000, sannan magajinsa 152 wajen 7,500 tsakanin 1977 da 1985. Har yau suna aiki, wasu sun girmi iyayen ɗaliban da ke tuƙa su.

Abin da ya kashe wannan kasuwa ba inji ba ne, kotu ce. A Amurka in jirgin da aka ƙera shekara 30 baya ya faɗi, magada na iya kai kamfanin ƙara su nemi diyya. Kuɗin inshora ya hau kan farashin sabon jirgi. A 1978 an sayar da ƙananan jirage kusan 18,000, a 1994 ba su kai 1,000 ba. Cessna ya daina ƙera masu injin fistin gaba ɗaya a 1986. Sai a 1994 aka yi dokar da ta ce bayan shekara 18 ba a bin maƙerin jirgi. Ko da Cessna ya dawo, bai dawo da mai kujera biyun ba.

Giɓin da aka bari mutanen gareji ne suka cike shi. Dama can akwai su. Tun 1929 wani Bernard Pietenpol ya ɗora injin motar Ford a jirgin katako mai kujera biyu. A Faransa kuma Henri Mignet ya rubuta littafi a 1934 yana cewa duk wanda ya iya haɗa akwati zai iya haɗa jirgi. Ɗaruruwa suka bi shi, amma akwai aibi a tsarin fukafukan, in hanci ya sunkuya ya wuce wani mizani ba ya ɗagowa, mutane suka mutu, aka hana tashinsa sai da aka gyara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Daga baya abin ya samu tsari: kamfani ya yanka ƙarfe ya huda ya aiko maka a akwati da zane, kai ka haɗa, jami'in gwamnati ya zo ya duba kafin ka tashi. Wanda ya fi shahara a wannan shi ne kamfanin Van's na jihar Oregon, jiragensa da mutane suka haɗa da hannunsu sun haura 10,000.

A nan labarin ya iso gida, ta ƙofa biyu. Ta farko ba mai daɗi ba ce. Wani injiniya ɗan Suwidin, Björn Andreasson, ya haɗa ɗan jirgi da hannunsa lokacin yana zaune a Amurka, aka mayar da shi jirgin kasuwa mai kujera biyu da suna MFI-9, ƙarfin doki 100. A watan Mayu 1969, ana tsakiyar yaƙin basasarmu, wani Basuwide, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo guda biyar ta Gabon, aka ɗaura musu rokoki, suka riƙa bi ƙasa-ƙasa suna kai hari filayen jiragen gwamnatin tarayya a Fatakwal da Benin da Inugu. Jirgin koyon tuƙi ne fa, ya lalata jiragen yaƙi a ajiye.

Ƙofa ta biyu Kaduna ce. A 1989 aka fito da Air Beetle, wanda aka gina a kan samfurin RV-6A na Van's, daga baya aka haɗa guda 60 don horar da matuƙan sojan samanmu. Kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, inji Lycoming mai ƙarfin doki 180, aka kuma shirya shi ya sha fetur irin na mota. Yaranmu ne suka haɗa su, suka buga ƙusoshin jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Wasu kan ce ai haɗawa ce kawai, kayan daga waje suka zo. Gaskiya ne. Amma ku dubi Pakistan. Su ma da haɗawa suka fara a shekarun 1970, kuma jirgin da suka fara haɗawa ƙanin wancan MFI-9 ɗin ne daga Suwidin. Ba su tsaya ba, suka koma ƙera shi da kansu, suka ƙara masa ƙarfi, suka kira shi Super Mushshak. Daga 2016 Nijeriya ta sayi guda 10 a wurinsu, suna Kaduna ana koyar da tuƙi da su. Matakin da muka taka a 1989 shi suka taka, bambancin su sun ɗaga ƙafa ta biyu. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, ba zan ɓoye muku ba.

A 1989 ɗin nan dai wani kamfani na Ostiriya, Rotax, ya fito da injin 912. Ku tuna lissafin da na ce ku riƙe. Na Wright kilo 80, doki 12. Wannan wajen kilo 60, doki 80, girmansa kuwa sisi 1,211, kusan abin da aka nema a Lympne shekara 65 baya aka kasa. Sirrinsa yana juyawa da sauri kamar injin babur, sai giyabos ya rage gudun kafin ya kai farfela, ruwa na sanyaya kan silinda, kuma fetur ɗin gidan mai yake sha. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a wurinmu, domin man ƙananan jirage na musamman, mai dalma a ciki, wahalar samu gare shi a ƙasar nan, ga tsada. Shi ya sa ma kwalejin koyon tuƙi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma ga jirage masu shan irin man manyan jirage.

A kan injin Rotax aka gina sabon zamani. A 2004 Amurka ta ware rukunin jirage masu kujera biyu da ba su wuce kilo 600 ba, ta sassauta musu doka. Italiya da Jamus da Cek suka cika kasuwa, da yawa jikinsu zaren gilas ne ko zaren gawayi da aka daskarar da gam, wasu har da laimar da ke sauko da jirgin ɗungurungum in abu ya ɓaci. A Afirka ta Kudu wasu mutum biyu suka ƙera Sling a kusa da Johannesburg, suka zagaya duniya da shi a 2009 cikin kwana 40. Zara Rutherford, tana da shekara 19, ta gama zagaya duniya ita kaɗai a Janairu 2022 a irin waɗannan. A 2020 kuma Turai ta ba Velis Electro na ƙasar Sulobeniya takardar amincewa, mai aiki da batir, kujera biyu. Minti 50 yake yi a sama. Nauyin batir ne ya maye gurbin nauyin inji, an koma gidan jiya.

Shugaba yana nuna mini agogo. A ba ni tambaya ɗaya ko biyu.

Wani daga cikin kanikawa ya miƙe ya ce: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu da muke da injunan mota birjik, me zai hana mu ɗora ɗaya mu tashi? Mun ji an taɓa yi a Kano.

Madalla, maigida. An yi, a 2007 wani ɗalibi a Kano ya haɗa mai saukar ungulu da injin Honda, ya ɗan ɗaga daga ƙasa, kuma na yaba masa. Injin motar Volkswagen mai kama da kunkuru ma an daɗe ana tashi da shi a Turai. Amma ka san motarka a kan hanya ba ta amfani da ko rabin ƙarfinta sai wajen hawa ko wuce wata. Injin jirgi yana ba da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa awa biyu, awa uku, ba sassauci. Sannan farfela ba ta son gudun da ya wuce juyi 2,700 ko makamancin haka a minti, in bakinta ya kusa gudun sauti ƙara kawai take yi, don haka sai ka ƙera giyabos, ga lagireto, ga ruwa, nauyi ya dawo. Injin jirgi kowace silinda fulogi biyu gare ta, da maganeto biyu masu ba fulogi wuta, ba ruwansu da batir, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Kuma kowane noti da aka taɓa sai an rubuta a littafi an sa hannu, in ya cika wajen awa 2,000 a sauke shi a kwance ko da lafiyarsa lau. Waldarku ba na shakkarta, na ga aikin wasunku. Littafin nan ne ban ga gareji ɗaya da ke riƙe da shi ba. Kuma kafin komai ya bar ƙasa sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duba ta yarda.

Wata ɗaliba ta ce: Baba, shin yanayinmu na nan ya dace da irin waɗannan jirage?

'Yata, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, wurin sauka ko'ina, wannan alheri ne. A Kenya da irin Cub ake sintirin dazuzzuka, kuma ba na ganin abin da zai hana a duba gonaki ko a bi sawun jan-baki da fara da su a nan. Matsala biyu ce. Ta farko hazo, don mai ƙaramin jirgi da ido yake tafiya, in hunturu ya rufe gari sai a ɗaure jirgi a jira. Ta biyu zafi, kuma wannan na ɗanɗana shi. Wata rana cikin Afrilu, a wani ƙaramin fili, na gama gyara sai matuƙin ya ce in hau mu gwada, don al'adarmu ce wanda ya ɗaure noti ya hau. Shi ƙato ne, ni ma lokacin ban rame haka ba, ga tanki mun cika shi maƙil, ga ƙarfe 2 na rana. Jirgi ya yi ta gudu, ya wuce inda ya saba ɗagawa, ya ƙara wucewa, ni kuwa ina kallon itatuwan bedi na ƙarshen fili suna girma. Mun tsallake su, amma na ga ganye ɗaya-ɗaya. Inji lafiya lau yake. Iska ce in ta yi zafi take yin shara-shara, inji ya rasa abin shaƙa, fiffike ya rasa abin takawa. Katsina tana wajen mita 500 sama da teku, amma ran da zafi ya kai digiri 40 jirgi ji yake kamar a kan tudu mai mita 1,500 yake. Akwai jadawalin wannan lissafi a littafin kowane jirgi, yana aljihun kujera a ranar, ba wanda ya buɗe shi cikinmu. Da muka sauka sai muka zuƙe rabin man, muka bar sauran gwajin sai bayan sallar asuba.

To, ga kiran Magariba can. Wanda ke son ganin zanen ƙashin Cub ɗin da na zo da shi, yana kan teburin nan, a same ni bayan salla. Wassalamu alaikum.